Chris Squire ko Geddy Lee?

Kana tambaya wa za ka fara saurara cikin maƙaɗan bes (jita mai kaurin sauti) na progressive rock (salon kiɗan rock mai dogayen waƙoƙi masu sarƙaƙiya), Chris Squire na ƙungiyar Yes ko Geddy Lee na ƙungiyar Rush. Fara da Squire, ɗan'uwa. Nemi faifan Yes mai suna Fragile na 1971, ka sa "Heart of the Sunrise". Bes ɗinsa ba ya laɓewa a bayan ganga, shi ke jan ragamar waƙar da kaifin sautin jitarsa ƙirar Rickenbacker.

Amma kada ka saurara da lasifikar waya, tana cinye sautin ƙasa-ƙasa, sa abin ji na kunne. Geddy gwani ne, sai dai shi ne kuma mawaƙin Rush, siririyar muryarsa kan ɗauke hankalin sabon shiga daga aikin yatsunsa. Bar shi sai kunnenka ya saba.