Wan mijina ya riƙe gado, wai sai yara sun girma

Tambaya: Malam, mijina ya rasu wata 2 ke nan, ya bar ni da yara huɗu, biyu maza. Wansa ya kwashe takardun gida da makullin shago, ya ce ba rabo sai yara sun girma. An kuma hana ni fita sana'ata saboda takaba. Abinci ya fara gagarar mu. Ina mafita?

Amsa: Allah Ya jiƙansa, Ya ba ki haƙuri, 'yar'uwa. Takabarki wata 4 da kwana 10 ce, in ba ciki. Kina iya fita da rana neman abinci, ba ado ba turare, ki dawo ki kwana a ɗakinki.

Amma wannan "sai yara sun girma" ita ce maganar da ke ci mini rai, don kullum sai an kawo mini ita. Wa ya faɗa? A wace aya? Da mutum ya cika, aka yi masa sutura, aka biya bashi, aka fitar da wasiyya, abin da ya rage ya zama na magada, har jaririn da ke goye. Aya ta 12 a Suratun Nisa'i ta yanka miki ɗaya bisa takwas tunda akwai 'ya'ya. In akwai ragowar sadakinki, bashi ne, kafin rabo ake cire shi. Kayan da kika saya da guminki kuwa ba sa cikin gado sam.

Shi wan mijin naki, tunda mamaci ya bar ɗa namiji, ko allura ba ya gada. Riƙon dukiyar marayu ma ba ya naɗa kansa: sai in uban ya yi masa wasicci, ko alƙali ya damƙa masa, da lissafi a rubuce. Mun sha ganin ƙarshen irin wannan riƙo. Shekara ta zagayo, kantocin shago wayam, an cire yara daga makaranta, uwar tana bin gidajen dangi tana roƙon abin da yake nata. In ta buɗe baki a ce ba ta da kunya, kabari bai bushe ba tana zancen dukiya. Masu faɗin haka su karanta aya ta 10 a surar nan: mai cin dukiyar maraya da zalunci wuta yake zuba wa cikinsa.

Ki rubuta duk abin da kika san mijinki ya bari, da shaidu biyu. Mahaifinki ko yayanki ya sami wan mijin naki tare da malamin da ya san rabon gado. In ya turje, ku kai maganar gaban alƙali tun kayan shagon suna nan.