Baƙar giyar hunturu ta gangar wiski: Likita ya amsa tambayoyinku

Tambayoyin wannan karon sun zo ne daga 'yan'uwanmu mazauna Birtaniya, kuma duk a kan abu guda: baƙar giyar nan mai kauri da ake fitarwa can idan hunturu ya kama, wadda ake tsumawa a gangar wiski. Hukuncinta a addini sananne ne, kuma fagen malamai ne. Nawa shi ne in faɗi abin da take yi wa jiki, domin yawancin masu tambayar ba sha suke yi ba, zama da aiki ne suka haɗa su da masu sha.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina karatu a Edinbura, ina kuma aiki a wani gidan abinci. Abokin aikina ya sha ƙananan kwalabe biyu kacal na wannan giya, sai da aka riƙe shi zuwa gida, alhali ya saba shan fin haka. Wani abu ake zuba mata ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Babu abin da ake zuba mata a ɓoye, ƙarfinta yana rubuce a jikin kwalba, mutane ne ba sa dubawa. Da tsiron sha'ir ake yin ta, a gasa wani ɓangarensa har ya yi baƙi, daga nan launin yake zuwa. Ana zuba tsiron da yawa fiye da na giyar yau da kullum, saboda haka yis, irin wanda ke kumbura biredi, yana samun sukari mai yawa da zai mayar barasa. Bayan nan sai a ɗura ta a gangar katako da aka juye wiski daga ciki, a bar ta watanni, wani lokaci ta haura shekara. A dokar Sikotlan, wiski sai ya yi aƙalla shekara 3 a ganga, don haka katakon ya sha ya ƙoshi, kamar tukunyar ƙasar da ta daɗe tana dafa miyar daddawa, duk abin da aka zuba mata sai ya ɗauki ƙamshin. Giyar tana tsotso ƙamshin fanila da na ƙonannen katako, tana kuma tsotso ragowar wiskin da ya maƙale.

Masu ɗanɗanata suna ambaton kofi, cakulan, zabibi da alewa. To a nan haɗarin yake. Zaƙin yana rufe ɗacin barasa, ga shi ba ta da iskar gas sosai, sai ta riƙa wucewa salin alin.

Ga lissafin. A Birtaniya ana ƙirga barasa da ma'aunin da suke kira yunit, wato mililita 10 ko giram 8 na zallarta. Ka ninka yawan mililitar da ke cikin kwalba da kason barasar da aka rubuta, ka raba da 1,000. Giyar yau da kullum mai kashi 4.5 cikin ɗari, kwalbar mililita 330, yunit ɗaya da rabi ce. Irin wannan ta ganga kuwa sau da yawa tana tsakanin kashi 8 zuwa 13. Mu ɗauki mai kashi 11: kwalba guda yunit 3.6 ke nan. Biyun da abokinka ya sha sun haura yunit 7, daidai da kusan kwalba biyar na wadda ya saba, kuma rabin abin da manyan likitocin gwamnatin Birtaniya suka ce a 2016 kada mutum ya wuce a mako guda, wato yunit 14. Hanta kuwa kimanin yunit ɗaya take narkarwa a awa, kuma kofi ko wankan ruwan sanyi ba sa ƙara mata sauri. Wanda ya sha haka da ƙarfe goma na dare yana iya kaiwa asuba da saura a jininsa. Ka gaya masa kada ya taɓa sitiyari, musamman da yake tun Disambar 2014 Sikotlan ta rage iyakar barasa ga masu tuƙi zuwa miligiram 50 a kowace mililita 100 ta jini, ƙasa da 80 na Ingila.

In hakan ya sake faruwa, kada a bar shi ya kwanta rigingine shi kaɗai. A kwantar da shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi. In an tashe shi bai tashi ba, ko numfashinsa ya yi nisa, a kira 999, lambar agajin gaggawa ta Birtaniya.

Tambaya: Likita, gadin dare nake yi a Gilasgo. Wanda muke aiki tare ya ce ba don maye yake kurɓa ba, don ta ɗumama masa jiki ne. Gaskiya ne tana maganin sanyi?

Amsa: Malam, ɗumin da yake ji na fata ne, cikin jikinsa sanyi yake ƙara yi. Idan ɗari ya yi tsanani, jiki yana tsuke hanyoyin jinin fata don ya killace zafi wajen zuciya da ƙwaƙwalwa. Barasa tana buɗe waɗannan hanyoyi, jini mai ɗumi ya kwararo fata, fuska ta yi ja, mutum ya ji daɗi, zafin kuma ya bi iska. Tana kuma rage makyarkyata, wadda ita ce hanyar da tsoka ke haifar da zafi, sannan ta dushe hankalin da zai ce wa mutum ya shiga ciki.

Zafin jikin mai lafiya kusan digiri 37 ne. In ya sauka ƙasa da 35 an shiga haɗari. Za ka ga magana tana harɗewa, hannu ya kasa zuge zif, ga magagi da ruɗewa, kuma duk waɗannan sun yi kama da maye, shi ya sa ake sakaci. In ka gan shi haka, kira motar asibiti, ka shigar da shi ɗaki, ka cire masa jiƙaƙƙun kaya, ka lulluɓe shi har kai. In yana iya haɗiya, ba shi shayi mai ɗumi da sukari. Kada ka murza masa hannu da ƙafa, kada ka sa shi a ruwan zafi ko ka manna shi da hita. Filas ɗin shayi, hula da kaya hawa uku su ne abokan gadin dare.

Tambaya: Likita, mijina yana da ciwon suga, yana shan metformin da gliclazide. An gayyace shi taron ɗanɗana wannan giya lokacin Kirsimeti, ya ce ai kurɓi-kurɓi ne kawai.

Amsa: 'Yar'uwa, kin yi daidai da kika damu, kuma shawarata ya haƙura. A irin wannan taro ana jera nau'i biyar ko shida a ƙananan kofuna. Kofi shida na mililita 100 mai kashi 11 ya kai yunit 6.6.

Abin da ke faruwa hawa biyu ne. Da farko sukarin da ya rage a giyar yana ɗaga sugan jini. Daga baya, hanta ta duƙufa narkar da barasa, ta daina sakin sukarin da take ciyar da jiki da shi cikin dare, gliclazide kuma yana ci gaba da sa jiki fitar da insulin. Sai suga ya faɗi yana barci, kuma hakan na iya faruwa har washegari. Yawan barasa tare da metformin kuma yana ƙara haɗarin taruwar wani sinadari mai tsami a jini, wanda ba kasafai yake faruwa ba amma yana kisa.

In ya dage sai ya je, ya ci abinci mai nauyi tukuna, ya tafi da na'urar gwajinsa, ya gwada kafin kwanciya, ya ci biredi ko wani abu mai sitaci. In kika ga yana gumi, yana rawar jiki ko sambatu, kada ki ɗauka maye ne, ki gwada. In na'urar ta nuna ƙasa da 4, ba shi lemun kwali mililita 150 zuwa 200, ki sake gwadawa bayan minti 15. In ya suma, kada ki ɗura masa komai a baki, ki kira 999.

Tambaya: Ina shan Flagyl saboda ciwon haƙori. Kurɓi ɗaya zai yi illa?

Amsa: Kada ka kusance ta har ka gama maganin, ka kuma ƙara awa 48. Haɗa su yana iya kawo amai, bugun zuciya, jan fuska da ciwon kai mai tsanani.

Tambaya: Likita, na haihu wata biyu ke nan a Manchesta. Maƙwabciyata ta ce baƙar giya tana ƙara jini da ruwan nono, kamar yadda ake faɗa a kan sitawut a gida.

Amsa: Barka da sauka lafiya, Allah ya raya. Wannan magana ta yaɗu daga Ingila har Najeriya, amma ba ta da tushe. Baƙin na gasasshen sha'ir ne, ba ruwansa da jini. Sinadarin ayon mai gina jini da ke cikin babban kofinta bai kai miligiram ɗaya ba, mace kuwa tana buƙatar kusan 15 a rana. Barasa tana ma rage sinadarin da ke sa nono ya sauko, tana kuma shiga cikinsa daidai yadda take a jininki, ga hantar jariri ba ta yi ƙwari ba. Ki je a auna jininki. In ya yi ƙasa za a ba ki ƙwayar ayon, ki haɗa da nama, hanta, wake da alayyafo, ki kuma raba shayi da lokacin cin abinci don yana hana ayon shiga jiki. Yawan ba jariri nono shi ne ke ƙara nono.

Tambaya: A wurin aikinmu ana dafa naman sa da irin wannan giya, mai dafawar ya ce wuta tana ƙone barasar duka. Ina da ciwon hanta nau'in B.

Amsa: Ba ta ƙonewa duka. Alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna bayan minti 15 ana dahuwa kusan kashi 40 cikin ɗari na barasar yana nan, bayan awa ɗaya kashi 25, bayan awa biyu da rabi kashi 5. Tukunya mai zurfi tana riƙe fiye da faffaɗan kasko. Abin da zai zo a faranti ɗaya na naman da ya daɗe a wuta kaɗan ne, amma miyar da aka kwarara wa giya daf da saukewa, ko kek ɗin Kirsimeti da aka jiƙa bayan gashi, lamarinsu daban. Mai ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a Afirka ta Yamma, barasa tana gaggauta masa ƙanƙancewar hanta da kansa, don haka ka guje mata ta kowace fuska. Ka tambayi mai girkin yaushe ya zuba ta da kuma tsawon dahuwar, kuma kada ka yi wasa da gwajin jini da hoton hanta a duk lokacin da likitanka ya sa maka.