Kwanon baƙo da damƙin Inna

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Sau uku na sa jikana ya kunna mini shi a waya. Na farko na yi dariya, na biyu na yi shiru, a na uku na ce ya zauna ya rubuta abin da zan faɗa, don maganar ta fi ƙarfin saƙon murya. Kin ce kuɗin cefane ba sa kai ku ƙarshen wata, shi ya sa kike son sanin ko ƙara awo saboda baƙon da ba a san da zuwansa ba, da kwanon da ake miƙa wa maƙwabta, addini ne ko al'ada ce kawai. In al'ada ce ki ajiye ta, ki riƙa dafa daidai cikinku ke da maigidanki da yara uku. Abin da ya ba ni dariya shi ne da kika ce har lissafi kin yi a takarda. Abin da ya sa ni shiru kuwa, ban zaci jikar Inna ce za ta kawo mini wannan tambaya ba.

Ba raina kukanki nake yi ba. Tun da aka rufe iyakoki a 2023 kowa ya ji a jikinsa, mu nan Tawa ma mun ji, balle ku a Yamai da komai sai an saya, ga haya, ga kuran, ga ruwan famfo, ga gaz, ga kuɗin lakkwal. Na sani. Amma bara da na yi kwana goma a gidanki na ga tukunyarki da idona. Da safe burodi da shayi, da rana shinkafa, da dare maka. Kwana goma ban ji ƙarar muciya a gidan nan ba sai ranar da na roƙa. Na haɗiye maganar a lokacin don ke ba yarinya ba ce, kuma gaban mijinki ne. Yau da kika tambaya da bakinki zan faɗa.

Ke ba a haife ki ba lokacin yunwar El Buhari. A 1984 damina ta ƙi. An shuka, hatsi ya tsiro, ya kai ƙauri, rana ta ƙone shi a tsaye. A shekarar ce kuma Najeriya, lokacin mulkin Buhari, ta rufe iyakarta, abin da ke shigo mana ta Konni ya yanke, shi ya sa mutane suka laƙaba wa yunwar wannan suna. Ni ina gidanmu wajen Inna mahaifiyata, ina wankan jegon ɗana na fari, yayanki. Maigidana ya bi sauran mazan Adar zuwa Abija ta Kodebuwa, arba'in ta wuce, wata uku, wata biyar, ba wanda ya ce in koma ɗakina, don can ma babu. Mu bakwai ne a gidan ban da jinjiri. Babanki, ƙanena, yana ɗan shekara takwas, ƙafafu kamar sillen kara.

Sau ɗaya ake hura wuta a yini. Tiya guda Inna ke ja mana kwana biyu, wani lokaci hatsi, wani lokaci jar dawar nan ta taimako da ake bin layi a karɓo. Sauran cikon ciki ganye ne, jiga da yaɗiya, da anza wadda sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwa kafin ɗacinta ya fita. Ga abin da nake so ki riƙe. Inna ba ta taɓa ƙara awo don baƙo ba, ko a shekarun ƙoshi. Ragewa take yi. In ta auna na yini a ƙwarya, sai ta sa hannu ta ɗebi damƙi guda ta zuba a wani ɗan tulu da ke bayan gadonta. Takan ce cikin da zai ƙoshi da ƙwarya zai ƙoshi da ƙwarya ba damƙi. Wannan tulun shi ne na baƙo, da mai haihuwa, da gidan da aka yi rasuwa. Ba wanda ya taɓa tashi daga akushi ya ce yau an rage masa.

To a wannan shekara har tulun ya ƙare. Cikin sanyi ne, hazo ya rufe gari, ana gab da kiran magariba. Inna ta gama kwashe tuwo, malmala bakwai ƙanana a jere cikin faifai, kowa ya san tasa. Sai muka ji motsi a bakin ƙofa. Wata Buzuwa ce, da gani daga arewa ta gangaro, wajajen Abalak, irin waɗanda dabbobinsu suka ƙare suka cika gefen gari a lokacin. Da goyo a bayanta, ga ɗan yaro a gefenta yana jan igiyar ɗaure akuya, ba akuyar. Ba ta yi bara ba. Kalma ɗaya ta faɗa, “aman”, wato ruwa da harshensu. Inna ta ba ta ruwa, ta shimfiɗa mata tabarma, ta tsaya tana kallon faifan nan. Ni kuwa gabana sai faɗuwa yake yi, ina ƙirga malmala kamar ƙirgawar za ta ƙara su.

Sai Inna ta juyo ta dube ni, ta ce in shiga in ɗauko abin da ke ƙunshe cikin tsumman goyo. Ɗiyata, da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Kwana tara ke nan ina kankare ƙanzon tukunya in na je wanke-wanke, in shanya shi a ɓoye, in ƙulle, don nonona ya fara ɗaukewa kuma yaron ba ya barci. Na zaci ba wanda ya sani. Na ɗauko hannuna na rawa. Ba ta ce mini komai ba. Ta jiƙa ƙanzon da ruwan ɗumi, ta daka ƙuli-ƙuli biyu da suka rage a gidan, ta murje ɗan gabu, ta sa gishiri, ta haɗa da guntun ganyen jiga da aka dafa tun rana, ta kwaɗa. Ta ƙara ruwa a miyar kuka, ta sake kaɗawa. Sannan ta ɗauki mara ta bi malmalar nan ɗaya bayan ɗaya tana yanke gefe, har ta Baba da za a kai zaure, har tata ta yanke rabi. Tawa kaɗai ta tsallake.

Har yau ina ganin yadda matar nan ta ci. Sai da ta laƙato miya da yatsa ta sa wa na goye a baki, ta jira yaron ya yi loma biyar ko shida, sannan ta sa hannu. Shi kuwa yaron yana ci igiyar na naɗe a wuyan hannunsa, bai yarda ya sake ta ba. Babanki ya zauna gabansa ya zuba masa ido har ya manta da nasa tuwon. A madafa suka kwana kusa da toka mai ɗumi. Da hantsi suka kama hanyar wajen rabon hatsi. Ba mu sake ganinsu ba, ko sunanta ba mu ji ba.

Da dare na yi kuka sosai, na ce Inna kin ba wa ɗan wata nonon ɗana. Ta bar ni na yi mai isata. Sannan ta ce abin da aka ci a ɓoye ba ya kama jiki, kuma gidan da aka fara ɓoye wa juna abinci yunwa ta riga ta ci shi ko da rumbu cike. Daga washegari, kullum ta kwashe tuwo, sai ta kankare ƙanzon da hannunta ta miƙo mini a gaban kowa, ta ce wannan na mai shayarwa ne. Haka muka yi har lambunan noman rani da shugaban ƙasa Kunce ya matsa a yi suka fara ba da kabeji da salati da dankali, aka ɗan sami numfashi. Yayanki ya rayu, ga shi nan da ƴaƴansa. Ki tambayi babanki labarin yaro mai igiya, na tabbata bai manta ba.

Kin ce addini ne ko al'ada. Ni ba malama ba ce, amma tun muna yara muke jin malamai na karanta cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce abincin mutum biyu yana isar uku, na uku yana isar huɗu, kuma ya hori wani sahabinsa cewa in ya dafa romo ya yawaita ruwansa ya tuna da maƙwabta. Ki lura, ruwa aka ce a ƙara. Kakata kuwa cewa take yi baƙo raɓa ne, kafin ka gama jin nauyinsa rana ta ɗauke shi. A wajensu ba a raba waɗannan biyun ba, ni ma ban iya raba miki su.

Abin da na iya shi ne tukunya. Shinkafar waje da maka ba sa karɓar baƙo, in kika auna na biyar na biyar ne, kuma kafin la'asar yara sun dawo suna leƙen madafa. Kuɗinsu ma a hannun tashar jirgin ruwa da iyaka yake. Mun gani a 1994 da aka karya darajar sefa, duk abin da ke zuwa daga waje ya yi tsalle, gidajen da suka dogara da hatsin gona su suka fi samun sauƙi. Tuwon hatsi kuwa yana kwana a ciki, abin da ya rage ki yi ɗumame da safe, kuɗin burodi ya zauna a lalitarki. Fura da rana, ko nonon kaɗan ne, tana riƙe yaro har magariba. In lallai sai shinkafa, ki sa wake ya kai rabinta ko ya fi, ki jiƙa shi tun dare, ki jefa ƴar kanwa, zai nuna da wuri gaz ɗinki ya huta. Dambu ma haka, zogale ya rinjayi tsaki, ga ƙuli-ƙuli, ga ɗan mai, ku da kuke Yamai inda zogale ba ya yankewa. Ɗan wake kuma ban san gidan da ya ci shi ya nemi wani abu kafin dare ba.

Miya ce ke cinye kuɗin matan yanzu. Kullum sai ɗanyen tumatir, sai na gwangwani, sai magi uku huɗu, sai an ga mai yana yawo a sama. Mu da daddawar batso da gabu da busasshen tumatir da kuka ko busasshiyar kuɓewa muke tayar da miyar da za a side kwano. Ɗan busasshen kifi guda in aka daka shi ya bi miya duka, ya fi tsokar nama biyu da za a yi ta rigima a kai. Sayen ɗan ƙulli-ƙulli na dala ashirin, dala talatin kullum a shagon unguwa shi ne ramin da ba a gani. Ki ce wa maigidanki, da kaka, wajen watan goma zuwa na goma sha ɗaya, lokacin da hatsi da wake ke sauka, ya daure ya ɗauki buhu ko da haɗin gwiwa ne da wani. Waken ki zuba a jarka ki toshe bakinta sosai kada iska ta shiga, ƙwari ba za su taɓa shi ba. Wanda ya jira sai damina ta tsaya shi ke sayen tiya da tsadar da ta fi kowace.

Wani abu ya tsaya mini a rai tun zuwana. Kwana goman nan ban ga kwano ya shigo gidanki daga maƙwabta ba sai sau ɗaya, kowa ya ja ƙofar ƙarfe ya kulle. Wataƙila shi ya sa kike ganin naki kwanon fita kawai yake yi. A unguwarmu da, ranar da gida bai hura wuta ba, ba sai an yi magana ba, matan da ke kewaye sun ga babu hayaƙi, kwano biyu ko uku za su shigo a hannun yara, a ce ga ɗanɗano. Da sunan ɗanɗano ake rufa wa mutum asiri. Wannan tsohuwar da ke bayan gidanku, wadda ta zo gaishe ni da sanda, na ga yadda ta karɓi kwanonki da hannu biyu. Ban ce ki kai wa gida biyar ba, ban ce kullum ba. Amma ita, ki yi tunani tukuna kafin ki sa ta cikin lissafin takardarki.

Ranar Lahadi in Allah ya kai mu zan shiga kasuwa. Zan haɗa miki gabu da daddawa da garin kuka, da wake tiya huɗu, da ƴar albasar Galmi, in ba wa mai mota, jikana zai kira ki ya faɗa miki tashar da za ki aika a karɓa. Akwai ɗan tulu da zan naɗe cikin tsohon zane in sa a tsakiyar kayan, ki ce a sauke shi a hankali. Ki gaida maigidanki, ki shafa mini kan yara, ki kuma faɗa mini ko tarin ƙaramin ya sake shi.