Ƴar ƙaramar kwamfutar nan mai kama da dikoda, ta ci kuɗinta kuwa?

Assalamu alaikum jama'a. Wannan satin mutum uku suka tambaye ni a kan abu ɗaya, shi ya sa na haɗa su waje guda, amma ta farkon ce za ta ɗan ja mu don ita ce mai nama.

Tambaya ta farko daga wani ɗan'uwa ne da ke Gwagwalada. Ya ce: "Malam barka da aiki. Ina da ɗan shago kusa da jami'a, muna buga takardu da fotokofi da cike fom na ɗalibai, wani lokaci a yi katin biki da CorelDraw. Tsohuwar kwamfutata ta tebur ta gaji, sai ta yi minti biyar ba ta gama tashi ba ga ƙara kamar injin markaɗe. Na je Banex, kasuwar kwamfuta ta Wuse 2, wani yaro ya nuna min wata ƴar ƙarama da bata fi tafin hannu biyu ba, sabuwa a kwali, wai sunanta N100, ya kuma nuna min wata Lenovo ta hannu kusan kuɗi ɗaya. Ni dai raina bai kwanta ba, abu ƙarami haka zai yi aikin shago? Ko asarar kuɗi zan yi?"

Toh ɗan'uwa, ƙanƙantar kada ta dame ka ko kaɗan. Waccan babbar da kake da ita in ka kwance murfinta za ka tarar rabin cikinta iska ce da ƙura, abun da ke aikin bai taka kara ya karya ba. Su waɗannan ƙananan kayan cikin laftof ne aka zuba a ɗan akwati, aka cire allo da kibod da batir. Kuma ka riƙe wannan kalmar ta batir don za mu dawo kanta, a nan ne duk rigimar take.

N100 ɗin da ya faɗa maka sunan firosesa ne na kamfanin Intel, wato injin da ke yi wa kwamfuta tunani, ya fito a farkon 2023, ƙwaƙwalwa huɗu gare shi, kuma an yi shi ne don ya sha wuta kaɗan ba don gudu ba. Kamfanoni irin su Beelink da GMKtec su suka fi zuba shi a irin waɗannan akwatunan. Word da Excel da buɗe shafukan intanet da kallon bidiyo da katin biki na yau da kullum duk zai yi maka ba tare da ka ji haushi ba, matuƙar RAM ɗin, wato wajen da take riƙe aikin da ke buɗe, ya kai giga 8, in ka samu 16 ma ya fi. Inda yake fara nishi shi ne in ka buɗe babban aikin CorelDraw mai hotuna masu nauyi, ga Chrome da shafi ashirin, ga kwastoma a kanka yana cewa sauri yake.

Ita kuma Lenovo ta hannun, waɗannan kayan ofisoshin Turai da Amurka ne da aka gama amfani da su aka kwaso. Akwai ThinkCentre Tiny na Lenovo, akwai EliteDesk Mini na HP, akwai OptiPlex Micro na Dell, duk kusan girma ɗaya, kuma gaskiya ƙirarsu ta fi ta waɗancan sababbin ƙwari, ƙarfe ne, kusa ɗaya za ka kwance ka ga komai a fili. Amma a nan ne ake yi wa mutane rufa ido. Yaron shago zai ce maka "i5 ce oga" ya yi shiru, alhali i5 sunan dangin firosesa ne kawai kamar a ce maka Corolla ba a faɗa maka ta wace shekara ba. Ka duba lambar da ke bayan i5 ɗin. In ka ga i5-6500T ko i5-7500T to zubi na 6 da na 7 kenan, in ka ga i5-8500T zubi na 8 ne. Bambancin ba ƙarami ba ne, don Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, shi kuma Windows 11 a ƙa'ida daga zubi na 8 yake farawa. Eh na sani, yaran nan suna da dabarar da suke cusa shi a kan na 6 da na 7 kuma ya tashi, amma kai da kake shigar da bayanan mutane kullum, lambar NIN ɗinsu da hotunansu da katin banki, ba na so ka dogara da cushe. A Lenovo ka nemi M720q ko M920q, a HP ka nemi 800 G4, a Dell 3060 ko 7060. M710q da G3 da 3050 tsofaffin zubi ne komai ƙyallin da aka goge su da shi.

In da ni ne a shagonka kuma kuɗin kusan ɗaya, i5-8500T zan ɗauka. Ƙwaƙwalwa shida gare ta, ta fi N100 ƙarfi a fili, kuma gurbin RAM biyu ne a ciki, gobe in aiki ya ƙaru ka sayo ka ƙara. Yawancin masu N100 gurbi ɗaya ne, wasu ma an liƙe RAM ɗin a jikin bod ɗin cikinsu ba ya cirowa. In kuwa ta hannun zubi na 6 ce to ƙarfinsu ya kusa zuwa ɗaya da N100, kaga gara sabuwar, ga Windows 11 na halal ga ƙarancin shan wuta.

Yanzu maganar batir. Laftof in nepa ta ɗauke ko a jikinta, ita wannan kuwa ɗif za ta mutu a tsakiyar aiki, fom ɗin da ka kusa gamawa ya tafi, kuma yawan mutuwar farat ɗaya yana lalata Windows, wata rana ka kunna ta ƙi tashi. Saboda haka kuɗin da yaron ya faɗa maka ba shi ne kuɗinta ba, sai ka ɗora na UPS, wato akwatin batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, a kai in ba ka da inbata. Abun daɗin shi ne cin wutarta kaɗan ne ƙwarai. Mai N100 tana aiki na yau da kullum da wajen wat 10 zuwa 20, ta hannun ta ɗan fi haka, monita kuma ka ce wat 20 da wani abu, wato su biyun a haɗe ba su kai fankar sama ɗaya ba. Tsohuwarka da allonta za su iya haura wat 100 cikin sauƙi. Ka lissafa awa goma a rana, wannan wajen sulusin yunit, waccan sama da yunit ɗaya, kuma duk wanda AEDC, kamfanin rarraba wutar Abuja, ta saka a Band A, rukunin da aka ce ya fi samun wuta, ya san tun 2024 yunit ya haura naira 200. Ba wai kuɗin zai saya maka fili a Maitama ba, amma ga mai ƙaramin sola ko ƙaramin janareta wannan shi ne bambancin aiki har magariba da rufe shago da la'asar. Abu ɗaya dai, kada ka kuskura ka jona furinta mai hoda a jikin ƙaramin UPS, lokacin da take ɗumama kanta tana jan ɗaruruwan wat, nan take zai yi ihu ya kashe komai.

Bari in ba ka labarin abun da ya same ni don kada ka maimaita. Na taɓa sayo wa wani ƙanina irin ta hannun nan a wani shago da ba sai na faɗi suna ba, aka kunna a gabana ta tashi tas, na biya na kama hanyar Kubwa ina jin na yi dabara. Muna isa gida muka tarar bayanta ramin DisplayPort ne guda biyu, monitarsa kuma VGA ce mai shuɗin kai, ba su san juna ba. Muka ce to bari mu haɗa intanet kafin gobe, nan ma babu, ashe ba a saka mata katin Wi-Fi ba tun asali don ofisoshin can da waya suke jonawa. Washegari na sake biyan kuɗin mota na koma Wuse 2 na sayo mahaɗi da ɗan Wi-Fi na USB, mai shagon yana murmushi yana cewa ai ban tambaya ba. Kuma gaskiyarsa, ban tambaya ba.

Don haka ka ɗauki hoton bayan monitarka a waya ka tafi da shi. A kunna a gabanka, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga wajen Performance ka karanta sunan firosesa da yawan RAM da idonka, kada ka yarda da takardar da aka manna a jiki. Ma'ajiyar ta zama SSD ce aƙalla giga 256, in ka ji an ce eMMC 64 ka ajiye musu kayansu, kafin wata uku za ta cika. Ka sa a shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, a gabanka don wasu na zuwa da makullin kamfanin da ya yi amfani da su. Caja kuma ta zama ta asali, musamman Dell, in ta ga cajar da ba ta gane ba da gangan take rage gudun firosesa, ka yi ta zagin kwamfuta alhali caja ce. In sabuwar ka ɗauka ka sa a goge a zuba sabon Windows, don a farkon 2024 wani kamfanin irin waɗannan ƙananan ya amsa da bakinsa cewa wasu da ya fitar sun zo da manhajar satar bayanai a ciki. Sannan duk ƙarshen hunturu a buɗe a hure mata ƙura, fankarta ƙarama ce, ga Gwagwalada da zafi kamar a bakin tanderu.

Ga shago irin naka mai monita da kibod da maus tun da, eh ta ci kuɗinta.

Tambaya ta biyu daga wata Hajiya ce a Karu: "Ɗana ya samu gurbin karatu, an ce sai da kwamfuta, na ga wannan ta fi laftof araha, in saya masa?"

Hajiya Allah ya sanya albarka a karatun, amma a'a, kada ki saya masa. Arahar da kika gani ta akwatin ce kawai, in kika ɗora monita da kibod da maus da UPS sai ki ga kin kamo kuɗin laftof ta hannu mai kyau, kuma duk da haka ba zai iya ɗauka zuwa aji ko laburare ba. Ga ɗakin kwanan ɗalibai wuta sai an ga dama. Ki nema masa laftof ta hannu, ita ma zubi na 8 zuwa sama, RAM giga 8, SSD, a gwada batirin a gabanki ko a gaban wanda kika aika.

Ta ƙarshe wani matashi ne daga Nyanya, ya ce yana haɗa bidiyon biki kuma yana son buga wasan ƙwallo a kai, mai N100 za ta ɗauka?

Abokina ba za ta ɗauka ba. Gajeren bidiyo na minti ɗaya ko biyu da CapCut za ta lallaɓa ta yi, amma bikin yini guda da kyamara biyu sai dai ka kunna ka je ka yi sallah ka ci abinci ka dawo ka tarar tana rabi. Wasan ƙwallo na zamani kuma yana son katin hoto na musamman, wato graphics card, su kuma akwatunan N100 babu wajen saka shi. Akwai ƙananan da ke zuwa da Ryzen 7 na AMD waɗanda suke iya wannan aikin daidai gwargwado, sai dai kuɗinsu ya ninka, sun fita daga layin araha. In aljihunka bai kai can ba ka nemi babbar ta tebur ta hannu wadda za ka iya soka mata katin hoto daga baya, ka tabbatar akwatin wutar cikinta zai iya ɗaukar katin kafin ka biya.