Me ke sa ɗan wasan gaba ya daɗe a NBA?

Ɗan'uwa, ka tambayi abin da ke sa wasu 'yan gaba a ƙwallon kwando su daɗe suna bugawa. Dubi Vince Carter: kaka 22 ya yi a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, daga 1998 zuwa 2020. Da ƙuruciya tsalle ne makaminsa. Da shekaru suka ja, sai ya dogara da jifa daga nesa, ya kuma yarda a riƙa sako shi daga benci. Wannan haƙurin ne ke gagarar taurari da yawa, don girman kai.

Kuskuren matasa shi ne raina barci da buga wasa da ciwo. In gwiwarka tana kumbura bayan atisaye, kar ka tsaya ga ɗaure ta da bandeji, je ka ga likitan ƙashi.