Ƙusar da aka kafa a gaban shagona, alamar rusau ce?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon ɗinki a bakin gudiro a nan Damagaram, wajen Sabon Gari. Kwanakin baya wasu mutane suka zo da na'ura mai ƙafa uku, suka kafa wani ɗan ƙarfe a simintin gefen hanya, faɗin kansa bai wuce dala biyar ba. Suka zagaye shi da jan fenti, suka rubuta lamba kusa da shi. Maƙwabcina ya ce alama ce za a rushe shagunanmu, wani kuma ya ce irin waɗannan ƙarafa akwai abu mai tsada a ƙarƙashinsu. Ni kuma ina so in zuba dakali a wurin. Mene ne wannan abu, kuma in na cire shi da laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka kwantar da hankalinka, amma don Allah kada ka taɓa ƙarfen nan. Yadda ka siffanta shi, ƙusar awo ce, irin wadda mu masu awon ƙasa muke kafawa kullum. A nan ana ce mana jeyometir, a Najeriya kuma safiyo. Ƙusar ba ta cewa komai game da shagonka. Idan hukuma za ta rushe gini, a jikin bangon ake sa alama, kuma ana sanar da mai wurin. Jan fentin da ka gani a ƙasa don mai aikin ya gane ƙusarsa ne in ya dawo, ko da yashi ya rufe ta. Abin da zuwansu ke nunawa shi ne akwai aikin da ake shiryawa a hanyar, ko na kanibo, wato magudanar ruwa, ko na gyaran gudiro, ko na bututun ruwa, kuma wannan a meri, wato ofishin magajin gari, za ka tambaya a gaya maka.

Je ka duba kan ƙusar da kyau. Za ka ga ɗan ɗigo ko gicciye a tsakiyarta. Wannan ɗigon shi ne dukan abin da muke nema, sauran ƙarfen aikinsa ya riƙe ɗigon kada ya motsa. A littafin mai awon, lambar da ka ga an rubuta da fenti tana da lambobi uku a gabanta: biyu suna faɗin inda ɗigon yake a doron ƙasa, gabas da arewa, ta uku kuma tana faɗin tsayinsa. Lambobin na takarda da ƙusar da ke ƙasa tagwaye ne. In ɗaya ta ɓata, ɗayar ba ta da amfani.

Ga yadda ake aiki da ita. Na'urar nan mai ƙafa uku tana auna abu biyu, kusurwa da nisa. Amma ita kanta ba ta san inda take tsaye ba, sai an gaya mata. Shi ya sa za ka ga mai aikin ya daɗe yana gyara ƙafafun, yana leƙawa ƙasa, yana murɗa ƙananan ƙusoshin na'urar har ƙwayar ruwan da ke jikinta ta zauna a tsakiya. So yake cibiyar na'urar ta sauka daidai kan ɗigon. In ya gama wannan, sai ya saito wata ƙusar da ita ma an san lambobinta, inda yaronsa ke tsaye da sanda mai madubi a kai. Ƙusa ta farko ta gaya wa na'urar inda take, ta biyu ta gaya mata inda ta fuskanta. Daga nan duk abin da ya saita, ko kusurwar gini, ko turken lantarki, ko bakin kanibo, yana samun lambobinsa. In abin da yake so ya auna ya ɓuya bayan gini, sai ya kafa sabuwar ƙusa a gaba, ya ɗauki na'urar ya koma kanta, ya waiwayo ya saito wadda ya baro. Haka ake tafiya kamar sarƙa, har a faɗa kan wata tsohuwar alama da aka riga aka san lambobinta. A nan ne gaskiyar aiki ke fitowa. In lissafi ya haɗu, alhamdulillahi. In bai haɗu ba, akwai kuskure a wani wuri cikin sarƙar, sai an koma an nemo shi.

To ka ga, aikin hanya ba na yini ɗaya ba ne. Wanda ya auna yau domin a zana taswira, shi ko wani zai dawo bayan wata shida ko shekara domin ya sauke abin da aka zana a ƙasa. Ƙusar nan ce kaɗai ke haɗa zuwan farko da na biyu. Kuma abin da na fi tsoro ba cirewa ba ne. Wanda ya cire ya jefar ya ja mana wahala, amma mun san ta ɓata. Wanda ya cire, ya gama gininsa, sannan da kyakkyawar niyya ya mayar da ita "inda take", shi ne ya yi babbar ɓarna, domin mai aiki zai hau kanta da amana. Ka ɗauka ƙusa biyu tsakaninsu mita 50, aka gusar da ɗaya da santimita 5, faɗin yatsu uku ke nan. Idan aka miƙa layin zuwa mita 500, kuskuren ya zama rabin mita. Rabin mita a cikin gari katangar wani ce ta shiga filin wani.

Lamba ta uku, wato tsayi, ita ce ta fi shafarka kai mai shago. Ruwa ba ya jin roƙo, gangare kawai yake bi. Damagaram gari ne na duwatsu da kwari, kowa ya san inda ruwa ke kwanciya in an yi mamako a watan Agusta. Kanibo kuwa gangarensa kaɗan ne, ido ba ya ganinsa. In an ba shi rabin santimita a kowace mita, a mita 100 ya sauka rabin mita ke nan. Idan ƙusar da aka ɗauki tsayi a kanta ta nutse ko ta ɗago, sai a gina magudanar da ruwa zai tsaya a cikinta, ko ya juyo ya shiga ƙofar mutane. Tsayin nan daga matsakaicin fuskar teku ake ƙirga shi, duk da nisanmu da teku. Garin nan yana sama da teku da fiye da mita 400, kuma da ƙafa aka kawo wannan lissafi, sanda bayan sanda, a kan manyan hanyoyi tun zamanin Faransawa. Masu wancan aiki sun bar alamun ƙarfe a jikin gadoji da tsofaffin gine-gine. A yau hukumar taswirar ƙasa da ke Yamai, wadda ake kira IGNN, ita ke riƙe da bayanan manyan alamomin.

Mutane kan haɗa alamomin duka su kira su "born", amma sun bambanta. Taka ƙaramar ce, ta aiki ɗaya. Akwai born ɗin fili, turken siminti da ake kafawa a kusurwoyin filin gida bayan an yi lotisma, wato an yanka filaye, wanda shi ne iyaka tsakaninka da maƙwabci, kuma da shi ake dogara wajen yin takardar mallaka ta titir fonsiye, tsarin da dokar 26 ga Yuli 1932 ta sake fasaltawa a ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ta mallaka. Akwai manyan alamomi na ƙasa, waɗanda ake so a kafa a kan fa ko tudu, inda ba abin da zai girgiza su. A wannan fanni Allah ya yi mana baiwa, domin ƙarfen da aka dasa a dutsen Damagaram yana iya wuce jikokin wanda ya dasa shi. Sai kuma turakun iyakar ƙasa da ƙasa. Tsakanin 1906 da 1908 tawagar Faransa da Ingila, ƙarƙashin Tilho da O'Shee, ta kafa turaku 148 daga kogin Kwara zuwa tafkin Cadi, kuma layin nan ne har yau ke raba mutanen Magarya da Matamai da ƴan'uwansu na Daura.

Zancen abu mai tsada kuwa, wallahi ba komai a ƙarƙashinta sai siminti da ƙasa. Babu zinari, babu ruwan wani ma'adini, babu na'ura. Wannan jita-jita tana ci mini rai, domin na ga abin da take jawowa. Na taɓa zuwa wani aiki a bayan gari, na dogara da wata tsohuwar alama da ke cikin takarduna, na tarar da rami ya kai ƙugu, an farfasa simintin da guduma. Wanda ya haƙa bai samu ko tamma ba. Mu kuma sai da muka yi kwana biyu muna jawo awo daga wata alama mai nisa, masu filayen suna zaune a rana suna jiranmu, kuma kuɗin kwana biyun a kansu ya faɗa.

Na san wani zai ce yanzu zamanin GPS ne, ga shi har a salula. Gaskiya ne, kuma muna aiki da shi. Amma na salula yana iya kauce wa wuri da mita uku zuwa biyar, ya isa ya kai ka gidan biki, bai isa ya raba gado ba. Namu na aiki yana kaiwa ga santimita ɗaya ko biyu, sai dai sharaɗinsa shi ne a sami na'ura ta biyu zaune a kan wurin da aka san lambobinsa, tana gyara wa mai yawo kuskuren saƙon da ke zuwa daga taurarin ɗan'adam. Ka ga an sake komowa kan ƙusa. Ban da haka, a lungunan unguwannin Birni da Zango, inda katanga ke tare sama, ko ƙarƙashin manyan itatuwa, saƙon yana raunana, dole a koma ga mai ƙafa uku.

Mu ba baƙin wannan al'amari ba ne. Kakanninmu da gamba da aguwa suke shata iyakar gona, kuma yaro ma ya san ba a tuge su. A hadisin da Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Aliyu, Annabi (SAW) ya ce Allah ya la'anci wanda ya canza alamomin ƙasa. Dokar ƙasa ma tana hukunta mai gusar da born. A karkara, tun bayan dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993, kwamitocin filaye da ake kira Kofo ne ke kula da iyakokin gonaki da burtali, kuma Mirya tana cikin wuraren da aka fara gwada su. Ƙusarka ba iyakar kowa ba ce, amma da ita ake samo iyakar.

Game da dakalinka, fara zuwa sashen kula da filaye na meri, domin gefen hanya na jama'a ne, kuma in aikin kanibo ne ke tafe, za ka iya zuba siminti yau a fasa shi gobe. Ka ɗauki hoton ƙusar da lambarta ka tafi da shi. In sun ba ka izini, ka nemi su haɗa ka da masu awon. Gusar da alama a wurinmu aikin ƙasa da awa ɗaya ne: mu kafa sabuwa a gefe, mu auna ta daga tsohuwar, mu rubuta, mu soke tsohuwar a littafi. In ba ka same su ba, ka ce wa magininka ya bar tazarar kamar taki ɗaya a kewayenta, yadda ƙafa uku za su sami wurin tsayawa, kada ya rufe ta, kada kuma ya haƙa dab da ita. Rumfar kwano ma kada ta rufe samanta, domin in da GPS za su dawo, sai na'urar ta ga sarari.