Amsa ga mai tambayar ko korona ta kashe wani a cikinmu

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi haƙuri muryata ta ɗan dushe, yanzu na sauke tukunya. Ɗana na Jidda, kai da ka turo wancan sautin jiya da dare kana tambaya wai mu da muka ga korona a Makka, da gaske akwai wanda ta kashe a cikinmu ko tsoratarwa ce kawai. To na ji ka. Amma ni na san ba wannan kake tambaya ba. Kai da bakinka ka faɗa mana shekaranjiya cewa Inna tana tari da zazzaɓi kwana shida, iƙamarta, wato takardar izinin zama a Saudiyya, kuma ta mutu. Abin da kake nema shi ne wani ya ce maka zauna a gida, a dafa mata citta da lemon tsami, zai wuce. Wallahi ba daga bakina za ka ji wannan ba.

Kai ba ka zo ba lokacin, bari in ba ka yadda aka yi. Ƙarshen Fabrairun 2020, ranar 27, aka tsayar da masu zuwa Umara daga waje. A lokacin ko mutum ɗaya ba a ce an samu da cutar a ƙasar nan ba, sai 2 ga Maris aka samu na farko, can Ƙaɗif. Kafin mu farga an hana Umara gaba ɗaya, har mu na ciki. Na ga mataf, filin ɗawafi, a talabijin fayau, farin dutse kawai da masu shara, na zauna na yi kuka. Shekarata talatin da wani abu a garin nan, ko ruwan sama ake zubawa kamar da bakin ƙwarya ban taɓa ganin ɗawafi ya tsaya ba. Sai rufe masallatai, ladan yana cewa ku yi salla a gidajenku. Sai hazar, dokar hana fita, daga bakwai na yamma zuwa shida na safe, wanda aka kama riyal 10,000. Sai 2 ga Afrilu aka kulle Makka da Madina dare da rana. A'a, tsaya in gyara, mu ai an riga an kulle mu kafin nan. Tun ƙarshen Maris aka killace unguwanni shida: Ajyad, Masafi, Misfala, Hujun, Nakkasa da Hosh Bakar ɗinmu. Ba shiga ba fita. Ku ma a Jidda an yi wa Gulel da Petromin da su Kilo 14 haka, tambayi na gabanka su faɗa maka.

Mutane sun ce don mu baƙaƙe ne. Ni ban tsaya kan wannan ba, don na san yadda muke kwana. Ɗaki ɗaya mutum takwas, mutum goma, banɗaki ɗaya gida guda, lungu kuma in biyu sun haɗu sai ɗaya ya karkace. Likita yana cewa a talabijin mai ciwo ya keɓe a ɗakinsa shi kaɗai. Wane ɗakin? A wanke hannu kowane lokaci, mu da ruwanmu sai mota ta kawo a hau da jarka. Ga mata masu abinci irina, ga masu tura keken tsofaffi a Harami, ga masu sayar da hatsin tattabaru, duk wanda bai fita yau ba bai ci yau ba. An kawo kwalayen abinci, gaskiya an kawo, Allah Ya saka wa waɗanda suka kawo, amma gidan da yake can saman dutse kafin a kai gare shi... to bar wannan, wani zancen ne.

Abin da nake so ka ji shi ne wannan. A ƙarshen Maris ɗin nan dai, Sarki Salman ya ba da umarni a yi wa kowa maganin korona kyauta. Ɗan ƙasa, mai iƙama, har da wanda ba shi da takarda ko ɗaya. Ministan lafiya na lokacin, Taufiƙ Rabi'a, shi ya fito ya sanar. An faɗa, an maimaita. Amma a lungunmu wane ne ya yarda? Wani bawan Allah, ba zan kama sunansa ba, yana cikin wani zauren waya da nake ciki, ya yi sauti na minti huɗu yana rantsuwa wai tarko ne. Wai kana shiga mustashfa, wato asibiti, za a ɗauki hoton yatsunka, kana warkewa sai tarhil, wato kora zuwa gida, sai ka gan ka a jirgin Kano. Wai ma wasu allura ake yi musu su tafi. Sautin nan ya zagaye Hosh Bakar da Shara Mansur cikin yini ɗaya, har gida aka turo mini shi daga Zinder. Maganar Sarki guda, sautin mutum ɗaya a waya ya rinjaye ta a wajen mutanenmu.

Maƙwabcina, Baba mai ɗinki, ƙofarmu tana kallon juna shekara goma sha tara. Mutumin Sakkwato, ya zo tun yana saurayi, yana da ciwon sukari. Farkon azumin shekarar ya fara zazzaɓi. 'Ya'yansa suka ɓoye shi. Sirace, habbatus sauda, zuma, citta, duk an yi. Ban ce waɗannan ba su da amfani ba, ni ma ina sha, amma mutumin da numfashinsa yake sarƙewa iskar oksijin yake buƙata, ita kuwa ba a dafa ta a tukunya. Ina jin tarinsa ta bango da dare. Na buga wa babbar 'yarsa na ce ki kira 937, lambar ma'aikatar lafiya ce, ko suna ba sai kin faɗa da farko ba, ki dai gaya musu yadda yake. Ta ce Hajiya so kike a kwashe mu duka? Ta tura mini wancan sautin. Ni ta tura wa. Kwana tara yana kwance. Ranar da suka yarda aka kira is'af, motar ɗaukar marasa lafiya, leɓensa ya riga ya canza launi, motar kuma ba ta iya hawowa lungunmu, a bargo samari huɗu suka sauko da shi. Kwana biyu ya yi a asibiti Allah Ya karɓi abinSa. Allah Ya jiƙansa Ya sa ya huta.

Mutumin nan kullum maganarsa ɗaya ce, shi dai a sallace shi a Harami. Shekara hamsin yana wannan fata. Ba a samu ba, Harami a rufe, a maƙabarta aka yi masa salla, mutanen da suka tsaya ba su cika sahu ɗaya ba. Kuma ka san me? Babu wanda ya taɓa 'ya'yansa. An zo an gwada su, biyu suna da ita, aka kai su otal aka killace su, ana ba su abinci, suka gama kwanakinsu suka dawo gida. Ko riyal ɗaya ba a karɓa ba. Shi kuwa mai sautin har yau yana nan yana tura wa mutane abubuwa, bai taɓa fitowa ya ce na yi kuskure ba. Na haɗu da shi a wajen wani suna bara, ya gaishe ni, na amsa don hakkin Musulunci, amma zuciyata ba ta sake ba har yanzu. Na san ajali ne, kada wani ya turo mini wa'azi, na sani. Amma Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, shi ya ce a nemi magani, shi ya ce in annoba ta sauka a gari kada a shiga kada a fita.

Kuma ban ce tsoron mutanenmu na banza ba ne. Wanda ya shekara ashirin yana ganin motar jawazat, jami'an shige da fice, yana canza hanya, ba rana ɗaya za ka ce masa fito ya fito ba. Da ma'aikatan lafiya suka fara shigowa unguwa suna gwaji gida gida, na ga magidanta suna kashe fitila suna yin shiru kamar ba kowa. Abin da ya buɗe ƙofofin shi ne ranar da aka zo da wata yarinya 'yar unguwarmu, haihuwar nan, ma'aikaciyar jinya. Ta tsaya ta ce Inna ni ce, buɗe, da Hausa. Shi ke nan, layi aka yi. Daga baya ma da Tawakkalna ya zo, manhajar waya mai nuna matsayin lafiyarka, ko shago ba ka shiga sai ka nuna waya, marasa takarda sun sha wuya ƙwarai, wannan ni shaida ce.

Masu cewa ƙarya ce kuma, su dubi Hajji. A 2019 kusan mutum miliyan biyu da rabi suka tsaya Arfa. A 2020 'yan tsiraru ne daga cikin ƙasa, a 2021 mutum 60,000, su ma sai mai rigakafi. Ƙasar da za ta rufe wannan ƙofa don wasa? Ai ba yau aka fara ba, tun sanƙarau na Hajjin 1987 aka ɗaure wa alhazai allura, shi ya sa ba ka hawa jirgi sai da katin nan.

To na yi nisa. Umarnin kyautar nan na korona ne, kada ka je ka ce Hajiya ta ce komai kyauta ne yanzu, ban faɗa ba. Ka kira 937 yau ɗin nan, ka faɗa musu shekarunta da kwanakin zazzaɓin da yadda take numfashi. In ka ga tana haki ko ta daina gane mutane, 997 ne, is'af, kada ka jira safiya. In kuɗi ne matsalar ka yi magana a nan, za mu haɗa, ni zan fara. Ka sa mata kamama, wato takunkumin fuska, ka raba ta da jikokin, ka buɗe taga.  Bayan la'asar zan kira ka in ji me suka ce.